Kufai a Bakin Tsibiri

Sai ruwa ya janye ake ganinsa,
bayan kaka, in kogin Haɗeja ya rame
ya bar tsibirin nan da haƙarƙari a waje.
A nan ubana ke shanya taru.
Ni ma a nan nake shanyawa.

Ran Laraba na yi fiton wani baƙo daga Dutse,
Malam Sidi, mai igiyar awo da littafi,
ya ƙanƙame gefen kwalekwale
kamar zai gudu ya bar shi.
Muka keta kacalla, muka sauka ta gabas
inda gaɓa ta zabtare bara.

Ga shi nan, hawa kan hawa.
Can ƙasa daɓe ne na tsingaro,
an kafa shi a tsaye, a jere kamar ƙwayar masara,
da bakin karofi biyu
da har yau baba bai sake su ba.
Sama da shi toka, kaurin tafin hannu.
Gobara ce ko yaƙi? Tokar ba ta faɗa ba.
A kan tokar wasu suka zo suka aza tubali:
ɗaki dogo, babu murhu, babu gurbin randa,
sai ɗan lungu a bangon gabas
inda yanzu zalɓe ke tsayuwa da ƙafa ɗaya
kamar limamin da mamu suka ƙi zuwa.

Ya ce, su wa suka gina?
Na ce, kakata Tabawa takan ce
na farkon a gindin kanya suke roƙon ruwa,
na bayansu suka juya fuska ga alƙibla,
amma da ƙasar bangon na farko suka yi kwaɓi,
don ba a ɗauko ƙasa daga nesa in akwai ta a ƙofa.
Sunayensu kuwa, ita ma ba a ba ta ba.

Ya auna, ya rubuta, ya sake aunawa.
Taku goma sha ɗaya, in ji shi.
Ban gaya masa ba, ina yaro sha shida ne;
kogi na cin rabonsa kowace damina,
ba ya sallama, ba ya godiya.

Da zai tashi, tubali ɗaya ya ɓalle
ya gangaro gabana.
A cikinsa akwai gurbin babban yatsa,
inda magini ya danna tun ƙasar na ɗanya.
Na sa nawa.
Ya zauna daram, har da karkacewar farce.

Malam Sidi na kira, rana ta yi.
Na mayar da tubalin inda ya fito,
ko da yake na san bana ruwa zai kai nan,
tarwaɗa ta yi ƙwai a sahun gaba.

A hanyar komawa bai yi magana ba, ni ma haka.
Sai dai duk tura gorar da na yi
ina jin ƙasar nan a yatsana,
da ɗan sanyi-sanyi,
kamar ba ta gama bushewa ba.