Kwat ɗin Rasit

A Łódź, a tsohuwar masaƙar da aka mayar ɗakin nuni,
aikina tsayuwa ce.
Awa takwas a bakin ƙofa ina cewa:
a duba da ido, ban da hannu.

A tsakiyar ɗakin akwai kwat rataye da zaren kamun kifi.
Ba kowa a ciki, amma kafaɗunsa sun ranƙwafa
kamar na mai jiran mota cikin sanyi.
Bogumiła Wrzos ce ta ɗinka shi.
Ba ulu, ba auduga, rasit ne zalla,
dubu huɗu da 'yan kai,
da ta tarar a kwalayen takalma ƙarƙashin gadon mahaifinta
mako biyu bayan an binne shi.

Mutumin bai bar wasiƙa ba. Bai iya hira ba, in ji ta.
Amma ga shi nan a hannun dama:
burodi, rabin kabeji, man shanu ƙarami,
batirin rediyo, burodi, burodi.
A wuya, shekarar da matarsa ta rasu,
komai ya koma ɗai-ɗai,
kifi ɗaya, albasa ɗaya,
sai furanni duk Asabar, wata goma sha ɗaya cur,
daga nan furannin suka tsaya.
Wajen aljihun hagu sigari ya ɓace, maganin tari ya shigo.
Akwai alewa guda, wata Talata.
Har yau ba a san wa ya saya wa ba.

Wani malami mai gilashi ya kawo ɗalibansa,
ya ce wannan tuhuma ce ga zamanin saye-saye,
mutum ya zama jimillar abin da ya biya.
Suka sunkuya suna rubutawa.
Ban tanka ba, ba a biyana don in tanka.
Ni dai na san kantin da ke saman rasit ɗin.
Nan nake sayen madara.
Wataƙila na taɓa tsayawa a bayansa
ina tsaki don yana ƙirga 'yan canji a hankali.

Abin da ba a rubuta a bango ba:
takardar rasit ba ta shiri da haske.
Ido ba mudu ba, amma ya san kima.
A mako na uku kabejin ya dushe.
A na biyar, Asabar biyu na furanni sun tafi.
Na tari Bogumiła a matakala na gaya mata.
Ta ce, na sani.
Ta gyara jakarta ta ce, kada a rage fitilar.

Tun ranar, idan ɗakin ya yi shiru,
nakan matsa fiye da yadda aka yarje mini
in karanta abin da ya rage, a hankali, da leɓe.
Alewar tana nan. Da ƙyar.

Ranar rufewa kwat ɗin ya yi fari fat,
wasu suka ce ya fi kyau haka.
Na shiga shagon da ke ƙofar fita
na sayi katin da ke ɗauke da hotonsa.
Yarinyar ta miƙo rasit, ta nuna mini kwandon shara.
Na ninke shi biyu,
na sa a aljihu,
na fita neman burodi.