Kunnen Hagu

Yanzu sai an zagayo ta damana kafin in amsa sallama.
Kunnen hagu na baro shi tuntuni
a wani ɗaki marar taga, bayan bariki, ta wajen Kawo,
inda fanka ke kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta.
Mu huɗu, butar shayi ɗaya,
da fensir da aka fere baki biyu.

Ban taɓa harba bindiga ba.
In an ce tsofaffin soja su miƙe,
a hankali nake miƙewa, kamar mai bashi a wuya.

Aikina sauraro.
Daga isha'i har assalatu ina tankaɗe iska:
ƙara, ƙugi, kiɗan wata tasha mai nisa,
sannan can ƙasan rariya,
ƙwas-ƙwas ɗin wani yatsa a kan ƙarfe.

Na san shi. Sunansa ne ban sani ba.
Gurgu muka sa masa,
don hannunsa na ɗingishi duk harafi na uku.
In ya gaji na sani. In ruwa ya dake shi na sani.
Wata goma sha ɗaya muna kwana tare,
shi yana zance da nasa, ni ina laɓe bayan danga.

Daren wata Laraba, kogin Kaduna ya cika har wuya,
ya aiko lambobi jeri tara, ya sake maimaita su,
abin da bai taɓa yi ba.
Saje Nomau ya duƙa kansu, taba na cin yatsunsa,
kafin zakara ya kwance ƙullin:
gada, jibi, da asuba.
Manjo ya fita da takardar ko hula babu.
Bataliya guda ta sauya hanya.
Yau jikokinsu na taka keken ɗinki a Kasuwar Barci,
ba wanda ya san fensir ne ungozomarsa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira, haka ake cewa.
Ba a faɗin jikin wa.
Don akwai wata motar garin rogo,
direba da yaransa biyu,
da aka bari ta bi ta gadar
kada su gane muna jin su.
Ni na kai wa Manjo shayi a daren.
Da safe na ɗauke kofin a cike.

Daga baya Gurgu ya daina neman harsashi.
Gishiri yake nema. Gishiri, da allura, da batir.
Na rubuta, aka buga, aka liƙe da jan hatimi.
Wani mai babbar riga da za shi teburin sulhu
ya karanta a filin jirgi, ya naɗe, ya sa a aljihun gaba.
An ce da ya zauna bai ɗaga murya ba.
Ya riga ya leƙa tukunyar maƙwabci,
sai ya bar su suka gama cika baki,
ya tura musu moɗar ruwa.
Hotonsa ne ya fito a jarida. Ya kuwa yi masa kyau.

Ran nan na murɗa, na murɗa,
babu Gurgu.
Wani sabon hannu ya hau, mai sauri, na yaro.
Na rubuta a littafi: an sauya ma'aikaci.
Kalma uku.
Na fita na yi alwala, ba lokacin salla ba.

Jikata Hajjo na gefena, waya a kunne,
tana sheƙe sirrinta a iska kamar ƙaiƙayi.
Na ce, rage murya, 'yar nan.
Ta ce, Kaka, wa zai ji?
Ban amsa ba. Na juya mata kunnen hagu,
wanda har yau, in dare ya raba,
wani ke ɗingishi a cikinsa
yana tambayar gishiri.