Gonar Bakin Rafi

Ranar da muka binne babana a Dabai
ba ɗa namiji da zai gaji garmarsa.
Ni kaɗai ya bari,
ni da gonar bakin rafi
mai ɗorawa uku da kaɗanya guda
wadda aradu ta tsaga tun ina goye.

Damina ashirin da biyu ina nomanta,
ba wanda ya ce kanzil.
Da gamba ta cinye gefen arewa
ban ga ɗan baffa da fartanya ba.
Da rafi ya ɓalle ya kwashe kunyoyi
ni na yi dakon duwatsu
har wuyana ya koyi karkata.

Yanzu gwiwa ta ƙi.
Na ce zan ba Hajo,
wadda ta iso daga wajen Wasagu cikin dare,
ɗa a baya, ɗa a hannu, tukunya ɗaya.
Mijinta ya rage a hanya.
Ba ta faɗi yadda aka yi ba, ban tambaya ba.
Shekara uku tana noman aro,
kowace kaka ta kawo mini dami
ta durƙusa kamar mai biyan bashin numfashi.
Durƙuson ne na gaji da gani.

Sai ga dangi kamar an fasa rumbu.
Bagudu ya zo, Ɗantani ya zo,
har da mai sayar da taya a Kontagora
wanda ko iyakar bai san inda ta tsaya ba.

A zauren mai gari suka ce:
"Ladingo, al'ada ba ta hana ki ci ba.
Ki noma, ki girbe, ki dama kunu.
Amma mace riƙo take yi.
Mai riƙo ba ya kyauta.
Ran da kika kwanta dama, ƙasa ta koma ɗakin maza."

Na gyara zama na ce:
"Shekara bakwai Manga ya yi golmo a gonar nan,
shi da samarin unguwarsu,
kafin a miƙa masa ni.
Guminsa shi ne sadakina,
kuma ƙasar nan ce ta shanye.
Ta ci ƙuruciyata.
Mabiyiyar 'ya'yana biyu da ba su zauna ba
tana ƙarƙashin ɗorawar tsakiya.
To, tsakanina da ku,
wa ke riƙo, wa ke da abu?"

Mai gari ya daɗe yana tauna goro.
Magatakarda, yaro ne, ya ce a hankali
ai akwai kotu a Zuru.
Bagudu ya harare shi, ya haɗiye sauran.
Aka ce a bari sai bayan kaka,
magana ba ta ruɓewa.

Amma ruwa bai halarci zaman ba.
Daren Laraba ya sauka.

Da asuba Hajo ta saɓi sungumi,
na bi ta da ƙoƙon iri da sandata.
Tana sara, ina zuba dawa,
ina rufewa da diddige.
Ban iya alƙalami ba.
Wannan diddigen shi ne sa hannuna,
rami bayan rami,
daga kaɗanya har bakin ruwa.

Hantsi ya ɗaga, sai ga Bagudu a kan iyaka,
hannu a baya, yana kallo.
Can ya ce, "Layinku ya karkace."
Na ce, "Zo ka miƙe shi."

Bai zo ba.
Bai kuma tafi ba.