Tafin Hannun Baba Sammani

Ƙarƙashin darbejiya, bayan Ƙofar Ruwa,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi,
Sagiru mai kai burodi ya turo babur da ƙafa,
gumi har cikin ido.
Ya ce, "A rage masa ci.
Lita guda ba ta kai ni Dakata in dawo."

Na rufe makunnin tanki, na zare tiyo,
na kwance kafireta a kan murfin fenti.
Cikin ƙoƙonta jan laka ce kwance,
da ɗigon ruwa biyu suna yawo ƙarƙashin fetur,
tsarabar man galan na bakin titi.
Na hure jet, na ɗaga ta saitin rana.
Ƙofa ce da ba ta kai kafar allura ba,
amma ta nan tuwon mutum bakwai yake bi.

Baba Sammani na zaune a benci.
Shekara talatin da huɗu yana sauraron injuna
har suka cinye masa kunnen hagu,
na daman ma sai an ɗaga murya.
Shi ya koya min injin nan numfashi huɗu gare shi:
ya shaƙa, ya matse, ya fashe, ya fesar,
ya koma farko kamar bai yi komai ba.

"Miƙo fulogi."
Baƙi ƙirin, sai ka ce gindin tukunya.
"Mai ya danne iska," in ji shi.
Sagiru ya ce a ɗaure tam, kar a bar ko ɗigo.
Baba ya yi dariya har da tari:
"Yi masa rowa, fulogi ya yi fari fat,
injin ya kwana da zazzaɓi,
abin da ka hana gidan mai ka kai wa mai fistin.
Ni kalar soyayyiyar gyaɗa nake nema."

Na sauke allura mataki ɗaya.
Sukurun iska na kai shi ƙarshe a hankali,
na dawo da shi juyi ɗaya da rabi.
Kik na farko, shiru.
Na biyu, ya yi kaki, ya kama.

Baba ya taso, gwiwa tana ƙara,
ya ɗora tafinsa a kan tanki, ya rufe ido.
A Daidaita Sahu na ta ham, mai rake na kira,
shi ba ruwansa.
"Ƙara kaɗan. Ya yi yawa, koma.
Tsaya nan."

Sai silo ya zauna,
dif, dif, dif,
kamar sakan mace ɗaya a turmin da ta sani.
Na murɗa totur, bai shaƙe ba, bai yi gardama ba.

Sagiru ya biya rabi, rabi sai Juma'a,
ya ajiye burodi biyu a benci.

Da ya tafi, na ɗora tafina a tankin wani babur,
na toshe kunne ɗaya da kafaɗa.
Zafi kawai na ji.
Baba ya gutsuri burodi, bai dube ni ba, ya ce,
"Da saura."