Mai Saƙar Tagulla

Tukwane ubana ke ƙerawa kafin mota ta zo.
Celestino Gribaudo, a bakin kogin Dora,
shago ɗaya, zugazugi ɗaya, taga mai kallon gada.
Butar kofi, kaskon suya, tukunyar dafa madara,
rabin unguwarmu a Torino daga hannunsa take ci.

Wata Talata, a dubu da ɗari tara da huɗu,
wani keken wuta ya mace a ƙofarmu yana huci,
tururi na fita ta hancinsa kamar san da ya sha huɗa.
Mai shi ya tuɓe tabarau ya ce, "Kai mai tukwane,
za ka iya toshe wannan?"
Baba ya durƙusa cikin taɓo, ya kara kunne,
ya ce, "Ai ƙishi ke damunsa."

Daren nan bai runtsa ba.
Saƙar zuman da Inna Onorina ta ɓoye don tari
ita ya ɗaga wa fitila yana ƙirga ramukanta,
zuma na bin damtsensa har gwiwar hannu.
Wata uku yana naɗe tagulla mai kaurin ɓawon albasa,
bututu dubu biyu, dalma na cin yatsunsa,
sai ga lagireto tsaye kan benci.
Iska ta ratsa, ruwa ya huce,
ya buga masa hatimi: ɗan ƙudan zuma, fiffike biyu.

Ina da sha biyu ya miƙo min littafin lissafi,
don shi baƙi ya fi ƙarfe yi masa tauri.
Na rubuta ma'aikata uku. Na rubuta sha tara.
Na rubuta casa'in, da jiniya, da bututun hayaƙi.

Sai hunturun da kogi ya daskare.
Arba'in suka fashe a dare ɗaya,
aka jibge mana su a tsakar masana'anta kamar mushe.
Lauya ya ce laifin ƙanƙara ne, kada a biya ko lira.
Baba ya sayar da gonar inabin Inna a Chieri.
"Tukunya na ɗaukar faci," in ji shi,
"suna ba ya ɗauka."
Inna ta yi wata biyu ba ta zuba masa miya da hannunta ba.

Da yaƙi ya zo, kuɗi suka zubo kamar indararo.
Motocin soja, ɗari, ɗari biyar,
kowace da ƙudan zumanmu a goshi.
A bayan ɗayarsu yayana Ottavio ya hau duwatsu.
Motar ba ta yi zafi ba ko sau ɗaya, haka aka ce mana.
Ta kai shi lafiya.
Takarda ce ta dawo.

Bayan nan babban kamfani ya gina nasa sashen,
injin da ke yin aikin mutum talatin kafin azahar.
Suka zo da baƙar hula da alƙalami mai ruwan zinariya.
Ni na karanta masa takardar, layi layi.
Ya sa hannu da yatsun da wuta ta shafe zanensu,
ya nemi a bar masa guduma ɗaya. Aka bar masa.

Bai taɓa riƙe sitiyari ba, kun ji.
Da ƙafa yake zuwa coci, da ƙafa yake dawowa.
In ya tarar da mota a tsaye bakin titi
sai ya ɗora tafinsa kan hancinta,
kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗa,
direbobi na tsammanin tsoho ne ya gaji.

Aikinsa na ƙarshe butar maƙwabciyarmu ce, Zelinda.
Ya toshe ta, ya cika ta, ya ɗaga ta ga taga,
muka jira ɗigo.
Bai karɓi komai ba.
Ni kuwa, don sabo, na buɗe littafin na rubuta.