Gwajin Zare

Jabbi ya sauka Yelwa da motar la'asar,
jaka ɗaya, hular kwano a hammata.
Ya tarar da ni gindin ɗorawa ina ɗinkin koma.
Ya ce, Baba, duba,
nan zan kafa kyamara, a tsakar ka,
in na diro daga jirgi
ku ga abin da nake gani.

Na karɓa, na juya ta.
Baƙa ce, sumul kamar bayan gora,
sai wannan abu a bisa, tsaye kan dogon wuya
kamar belbela a gadon bayan sa.

Ni ban san sama ba.
Iyakar hawana giginya ce,
ita ma da ƙuruciya.
Amma shekara arba'in da ɗaya ina warware zare,
na san halin igiya:
abin kamawa take nema,
ko da bai fi tsinin allura ba.

Na ce, laimar taka igiya nawa gare ta?
Ya fara ƙirga, na ce bari.
Na yanko zaren koma kamu biyu,
na ja shi bisa hular daga goshi zuwa ƙeya.
Caraf.
Na ja daga kunne zuwa kunne.
Caraf.
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Kurungu ƙaramin kifi ne,
da ƙaya ɗaya yake cukurkuɗe taru.
Can bayan tsibiri Nomau ya tafi,
ba don bai iya ruwa ba.
Layar damtsensa ce ta shiga raga,
layar da aka ba shi don tsari.
Sai bayan magariba muka fito da shi.

Kwana biyu muka yi a kan hular.
Muka cire dogon wuyan,
muka kwantar da ita ta lafe kamar kaska,
muka toshe ƙarƙashi da roba, muka goge kowane baki.
Na miƙa masa kusar ƙarfe, ya girgiza kai:
ta roba ake sawa, in ji shi,
wadda in an fizga za ta karye.
Na yi shiru.
Tun tasowata ƙulli mai riƙo nake yi,
yau ga ɗan cikina yana koya mini mai saki.

Ya nuna mini jan zobe a ƙarƙashin haɓa,
ja ɗaya, hula ta tafi da kayanta, kai ya tsira.
Na ce, ja in gani. Ya ja.
Na ce, rufe ido. Ya ja.
Na ce, da hagu.
Sake.

Tumba na bakin murhu tana ƙyafe kifi,
ba ta ko waiwayo ba ta ce,
ni ban aike ka hoto ba.
In ƙasa ta taso maka, agogon hannunka za ka duba,
ba wannan idon kwalba ba.

Ran tafiya da asuba na sake ɗauko zaren.
Goshi zuwa ƙeya, ya zame.
Kunne zuwa kunne, ya zame.
Na ja shi a karkace, na ja da mugunta,
ya wuce kamar tarwaɗa a hannun yaro.
Sannan na miƙa masa.

Bayan wata biyu abin ya shigo wayar ƙanwarsa.
Unguwa ta taru.
Suna ta salati, ga gajimare a ƙasa da mutum,
ga gonaki kamar facin riga,
ga wani kogi da bai fi zarena kauri ba.

Ni ban ga wannan ba.
Na ce ta mayar da shi baya, daidai inda laima ke buɗewa,
inda igiyoyi ke tashi fuu ta gefen kansa.
Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.
Babu wadda ta tsaya gaisawa.

Na ce ta sake mayarwa.
Sau uku.
Sannan na koma gindin ɗorawa,
akwai ɓarakar da na bari tun safe.