Ƙofar Kyanwa

Kakana ne ya ɗora bangon nan,
dutse kan dutse, kaurinsa kamu biyu,
a wani ƙauye bayan Bragança
inda sanyi ke fara cizo tun watan goma.
Ya gina shi don kyarkeci, don iska,
don kunnen maƙwabci.
Bai san jikansa zai tsufa a ciki ba
yana ɗaga waya sama
kamar mai taren ruwan indararo.

Akwatin intanet na falo, ƙarƙashin talabijin,
yana ƙifta koren idonsa.
A nan sabis cike yake, sanda huɗu.
Taku bakwai zuwa kicin, saura biyu.
A ɗakin baya kuwa, inda Ermelinda ke kwance
tun da ƙugunta ya karye a gonar inabi,
ko ƙyas.

Ran Lahadi 'yarmu kan kira daga Luxembourg.
In ruga da wayar, takalmi ɗaya a ƙafa,
fuskarta ta daskare a bakin ƙofa,
baki buɗe, rabin kalma a ciki.
Ermelinda ta ce, "Me ta ce?"
In ce, "Tana gaishe ki."
Wata shida ina ƙaga gaisuwa.

Na sayo wani ɗan abu a Mirandela,
aka ce in soka a bango, zai ƙara ƙarfi.
Raɗa ya ji, raɗa ya maimaita.
Na sayo mai bin wayar lantarki,
amma wayoyin gidan nan sun girmi aurena,
suka ce ba sa ɗaukar kaya biyu.

Sai ga Iolanda, jikar mai gasa burodi,
da kebul naɗe a kafaɗa kamar igiyar guga.
Ta ƙwanƙwasa bangon, bai amsa ba.
Ta ce, "Baba Amílcar, sabis baƙo ne mai kunya,
ba ya ratsa dutse, ƙofa yake nema."
Ta ciro akwatin daga ƙasa,
ta hure masa ƙurar shekara uku,
ta ɗora shi kan kabad, nesa da babban madubi.
Kicin ya samu sanda uku.
Ɗakin baya ya yi gum.

Ta ce, "Sai an huda."
Na ce, "Hannun kakana za ki huda?"
Muka yi shiru.
Ƙararrawar coci ta buga huɗu.
Har na fara jin kunyar taurin kaina,
don bango ba ya kwana da ciwon ƙugu.

A lokacin ne Farrusco ya shigo,
baƙin muzurun da ba ya gaida kowa.
Ya bi gindin bangon,
ya shige bayan buhun dankali,
ya ɓace.
Muka ji Ermelinda daga can: "Kai, sauka min daga bargo!"

Iolanda ta ja buhun.
Rami ne, faɗin tafin hannu,
gefensa ya yi sulɓi don gogar gashi.
Kakana ya bar wa kyanwarsa hanya
tun kafin a haifi ubana,
ni kuma shekara saba'in da ɗaya
ban taɓa durƙusawa a wurin ba.

Ta zura kebul ɗin, na kama ta ɗaya gefen.
Ta kafa ƙaramin akwati na biyu
bisa tagar ɗakin baya, kusa da kwalbar magani.
Ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗo ba.
Kuɗi ta ƙi karɓa. Ta tafi da kwalbar man zaitun.

Lahadin nan fuskar ba ta daskare ba.
Ermelinda ta ga haƙorin jikanta na farko,
ta yi wa 'yarta faɗa a kan rama,
minti arba'in, ba wanda ya neme ni.
Na koma kicin, na zauna.
Farrusco na bakin raminsa
yana harar kebul ɗin,
bai yanke shawara ba tukuna.